AWON KWARA DA AMSA-KUWWA: ABIN DA RADA DA SONA ZA SU AMFANA WA ƘASAR BAGUDO

Duk wanda ya san ƙasar Bagudo ya san arzikinta da wahalarta daga wuri guda su ke fitowa, watau kogin Kwara. Kogin nan ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya raba tsakanin Nijar da ƙasar Benin wadda a da a ke kira Dahome, sa'an nan ya shigo Nijeriya ta wajen Lolo. Tsawonsa duka ya kai wajen kilomita 4,180, mutanen Lolo da Illo kuwa suna cikin waɗanda ke fara tarbarsa a madadinmu duka. A fadamarsa manomi ke shuka shinkafa, a cikinsa Sarkawa ke kamun kifi, a kansa fatake ke tuƙa jirage zuwa Gaya da Malanville, ciyawar bakinsa kuma ita ce ke riƙe da shanun Fulanin Ka'oje in rani ya yi tsanani.

Amma ran da kogin ya yi fushi ba ya tambayar gonar wane ce. Mun ga haka cikin 2012, muka sāke gani cikin 2020, shekarar da ruwa ya kai matsayin da ba a taɓa rubuta irinsa ba a ma'aunin Yamai, ya gangaro ya shafe kadada dubu ɗaruruwa na shinkafa a Jihar Kebbi, ƙasar Bagudo na ciki. Da yawa daga manoman nan da bashi suka yi noman, gama tun watan Nuwamba na 2015, da aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, noman ya zama na kuɗi masu nauyi. Ruwa ya tafi da amfanin gona, ya bar bashin.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne mu bayyana wa masu karatu wani ilmi wanda da shi a ke auna ƙasa da ruwa daga nesa, mu nuna yadda ya riga ya auna ƙasarmu, mu kuma faɗi abin da ya rage gare mu.

RUWA BIYU, TAMBAYA UKU

Kwara sau biyu ta ke cika a shekara a wannan yanki. Na farko shi ne farin ruwa, wanda ke zuwa daga Agusta zuwa Oktoba. Ruwan saman ƙasashen kusa ne, wanda rafukan Benin irin su Mekru da Alibori da Sota ke kwararowa da shi, ga kuma Gulbin Sakkwato da ke zuba nasa daga arewa. Yana zuwa da laka, shi ya sa ya ke fari, kuma da gaggawa ya ke tasowa. Shi ne mai cin shinkafar damina tana gab da nuna. Na biyu shi ne baƙin ruwa. Wannan ruwan daminar Gini ne, wanda ya bazu cikin manyan fadamun Mali ya yi watanni yana tafiya a hankali, ya zubar da lakarsa a can, ba ya isowa nan sai cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu.

To, mai gona a fadama tambaya uku ke gabansa. Ta fari, ina tudu ina kwari? Fadama shimfiɗe ta ke kamar faifai, ido ba ya rarrabe inda ya fi wani tsawo da kamu ɗaya ko biyu, alhali kuwa kamu ɗayan nan shi ne tsakanin wanda zai girbe da wanda zai yi hasara. Ta biyu, ruwa ya kai ina yau, yana hawa ko yana sauka? Ta uku, yaya ƙarƙashin kogin ya ke, ina zurfi, ina yashi ya taru? Gama in rairayi ya cike hanyar ruwa, ruwan da a da kogi ke ɗauka lami lafiya sai ya nemi hanya ta cikin gonaki, jirgin fatake kuma ya dāki tudu inda bara ya wuce ba fargaba.

Kakanninmu da gora su ke amsa waɗannan tambayoyi, da shaidar da ruwa ya bari a jikin itace, da abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Ilmi ne na gaske, ba kuwa za a taɓa raina shi ba. Sai dai gora wuri guda ta ke aunawa a lokaci guda, fadama kuwa tana da faɗi.

AMSA-KUWWA

Tushen ilmin da mu ke magana a kai yaro ma ya san shi. In ka tsaya gaban dutse ka yi kira, muryarka ta kan dawo maka, in dutsen na nesa kuwa ta kan jima kafin ta dawo. Jemage da wannan dabara ya ke tashi cikin duhu ba ya karo da kome. Wanda ya san saurin tafiyar murya, ya kuma auna lokacin da ta yi kafin ta komo, ya san nisan dutsen ke nan.

Cikin iska murya tana cin wajen mita 340 a sakan guda, cikin ruwa kuwa wajen mita 1,500. Saboda haka in aka saki ƙara daga gindin jirgi a inda zurfi ya ke mita 6, za ta je ƙasa ta komo cikin kashi 8 daga 1,000 na sakan. Na'urar da ke wannan aiki ita a ke kira sona. Masana sun dukufa a kanta bayan da jirgin Titanic ya dāki dutsen ƙanƙara ya nutse cikin 1912, da kuma lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sa'ad da Paul Langevin na Faransa ya ƙera ta don neman jiragen ƙarƙashin ruwa.

Rada ƙanwar sona ce, sai dai ita da igiyar wayar iska ta ke kira, wadda ke gudu kamar haske, kilomita 300,000 a sakan guda. Cikin 1935 Robert Watson-Watt ya nuna a Ingila ana iya gano jirgin sama da ita. Fifikonta a kan kyamara shi ne da fitilarta ta ke tafe, ba ruwanta da dare, igiyarta kuma tana huda gajimare da ƙurar hunturu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne gare mu, domin ambaliya a watan da sama ke rufe ta ke zuwa. Tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya, NigeriaSat-1, wanda aka harba cikin Satumba 2003, da waɗanda suka bi shi cikin 2011, kyamara suka ɗauka, kyamara kuwa in hadari ya haɗu bayan gajimare kaɗai ta ke gani. Rada ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan: cikin 1976 da 1977 an ɗauki hoton Nijeriya da ita daga jirgin sama don zana taswirar dazuzzuka.

KUNNE BIYU DA RAGOWAR KAMU

Amsa-kuwwa ita kaɗai nisa ta ke faɗa, ba ta faɗin daga wane sashi ta fito. A nan ne dabarar da ta fi kowace ta shigo, wadda za mu kira awon gamon igiya.

Ku jefa tsakuwa biyu cikin tabki lokaci guda, ku dubi inda igiyoyinsu suka gamu. Kowace igiya tana da tozo tana da kwari. Inda tozo ya gamu da tozo sai ruwa ya ƙara tashi, inda tozo ya gamu da kwari sai su kashe juna ruwa ya kwanta. Cikin farkon ƙarni na 19 wani masani na Ingila, Thomas Young, ya nuna haske ma haka ya ke yi. Murya da igiyar rada duk wannan hali gare su.

Yanzu ku tuna da mai sayar da yadi. Yana auna ƙyalle da kamu, ɗaya, biyu, uku, a ƙarshe ya sami ragowa, rabin kamu ko rubu'i. Igiyar rada ma kamu ce, daga tozo zuwa tozo. Wadda aka fi aiki da ita tsawonta santimita 5.6 ne, kamar faɗin yatsu uku. Ta tashi daga tauraro ta sauko ƙasa ta koma, ta yi kamu miliyoyi a hanya. Na'urar ba ta iya ƙidaya miliyoyin nan daidai, amma tana iya gane ragowar, watau ko da tozo igiyar ta iso, ko da kwari, ko da wani abu tsakani. To, in aka saurari wuri guda sau biyu aka gwama ragowar farko da ta biyu, bambancinsu zai nuna bambancin nisa wanda bai kai faɗin yatsa ba, ko da ya ke tauraron yana nesa da ƙasa kilomita ɗaruruwa.

Hanya biyu a ke bi. Ta farko, a saurara da kunne biyu a lokaci guda. Mutum yana gane inda aka kira shi domin kiran ya kan riga isa kunne ɗaya kafin ɗayan. Haka na'ura mai kunne biyu ke gane kusurwar da amsa ta fito. In an san nisa an san kusurwa, sauran aikin lissafin alwatika ne irin wanda a ke koya a makarantar sakandare, sai ga tsawon wurin ya fito. Ta biyu, a saurara da kunne guda a rana biyu dabam, daga wuri guda a sama. In ƙasa ba ta motsa ba, ragowar ba za ta sāke ba. In ta nisanta daga tauraron da santimita 2.8, tafiya da komowa sun ƙaru da 5.6, kamu guda cif. A kan zana wannan bambanci da launuka, sai hoton ya fito da zobba kamar bakan gizo, kowane zobe santimita 2.8.

Akwai wuya ɗaya. Ragowa kamar agogo ce mai hannun minti ba hannun awa: tana cewa da kwata, ba ta cewa ƙarfe nawa. Sai kwamfuta ta bi hoton taki-taki tana ƙidaya zobban, ta fara daga wani wuri wanda mutum ya riga ya auna da hannunsa a ƙasa. Masu karatu su riƙe wannan, za mu komo kansa.

AN RIGA AN AUNA TUDUNMU DA KWARINMU

Ran 11 ga Fabrairu, 2000, kumbon Amurka mai suna Endeavour ya tashi da rada mai kunne biyu, ɗaya a jikinsa, ɗaya a ƙarshen wata sanda mai tsawon mita 60 da aka miƙa waje. Cikin kwana 11 ya auna tsawon kusan kashi 80 cikin 100 na busasshiyar ƙasar duniya. Aikin nan shi a ke kira SRTM. Bagudo da Illo da Ka'oje da Tsamiya, da Segbana da Malanville a tsallaken iyaka, duk suna ciki. Da fari abin da aka saki na Afirka awo guda ne a kowace mita 90, amma cikin Satumba 2014 aka saki mai awo guda a kowace mita 30, kyauta ga duk mai so.

Jamus ta bi baya da taurari biyu tagwaye, TerraSAR-X na 2007 da TanDEM-X na 2010, waɗanda aka sa su tashi kusa da juna, tsakaninsu mita ɗaruruwa kaɗai, kowanne ya zama kunne guda. Taswirar duniya da suka gama cikin 2016 tana da awo guda a kowace mita 12, ta kuma fi ta farko daidaito ƙwarai. An fitar da wani bugu nata mai mita 30 wanda shi ma kyauta ne.

Amfanin irin wannan taswira a fili ya ke. In an san tsawon kowane yanki na fadama, ana iya cewa da kwamfuta, in ruwa ya ƙaru da mita ɗaya, wace ƙasa zai rufe, in ya ƙaru da biyu fa? Da haka a ke sanin ƙauyen da hanya za ta fara yankewa, da tudun da ya kamata a gina makaranta ko rumbun gwamnati ko asibiti a kai, da inda ya kamata a sa kwalbati a hanyar da ta bi ta gadar Tuga zuwa Ka'oje, da inda in an yi jinga za ta tare ruwa, da inda in an yi ta sai dai ta tura shi gonar maƙwabci.

AWON RUWAN DA KANSA

Hukumar Turai tana da jerin taurari masu rada da a ke kira Sentinel-1. An harba na farko ran 3 ga Afrilu, 2014, na biyu cikin 2016 wanda ya lalace a ƙarshen 2021, na uku cikin Disamba 2024. Suna tafiya a nisan kilomita 693 daga ƙasa, kowanne yana komowa bisa sawunsa bayan kwana 12, faɗin abin da ya ke ɗauka a wucewa guda kilomita 250. Hotunansu kyauta ne. A hoton rada ruwa kwantacce baƙi ya ke fitowa, domin yana karkatar da igiya kamar madubi ba ta komowa, saboda haka ambaliya tana bayyana ko da sama ta rufe. Inda kuma ruwa ya shiga tsakanin gidaje ya ɓoye, gwama hoto biyu ya kan tona shi, gama ragowar wurin da ruwa ya shiga ta kan rikice, ba ta daidaita da ta kwanakin baya.

Hanyar kunne guda a rana biyu ita ce ke nuna motsin ƙasa. Duniya ta fara shaida ƙarfinta cikin 1993, sa'ad da masanan Faransa suka fitar da hoton girgizar ƙasar da aka yi a Landers ta Amurka cikin 1992, zobba a jere suna nuna yadda ƙasa ta gusa. Da ita aka auna yadda birnin Meziko ke lotsawa, da ita kuma aka ga wasu unguwannin Ikko suna sauka a hankali. Abin da ya shafe mu a nan shi ne gada da jinga da madatsar ruwa. Madatsar Kainji, wadda aka gama cikin 1968, tana ƙasa da mu a kan wannan kogi, irin waɗannan gine-gine kuwa ba su faɗuwa rana ɗaya, su kan yi ta gusawa kaɗan-kaɗan tukuna.

Sabon abin da ya fi dacewa da Kwara shi ne tauraron SWOT na Amurka da Faransa, wanda aka harba ran 16 ga Disamba, 2022. Yana da kunne biyu, tsakaninsu mita 10, an kuwa yi shi musamman don auna tsawon fuskar ruwa a kogunan da faɗinsu ya wuce mita 100, Kwara kuwa ta wuce haka nesa ba kusa ba. Yana kewaye sawunsa cikin kwana 21. Ma'aunin bakin kogi, irin na Jidere Bode a Jihar Kebbi da na Malanville da na Yamai, wuri guda kowanne ke faɗa. Shi wannan yana ba da tsawon ruwa da gangarensa a dogon zango, har inda babu ma'auni ko ɗaya. Ran 30 ga Yuli, 2025, Indiya da Amurka suka harba wani, NISAR, mai igiya ta santimita 24, wadda ke ratsa ganye ta ga ruwan da ke kwance ƙarƙashin ciyawa da shuka.

ƘARƘASHIN KOGI, DA SHARI'AR TSIBIRIN LETE

Igiyar rada ba ta shiga ruwa. Zurfi aikin sona ne. Tsohuwar sona gora ce mai sauri kawai: wurin da ke ƙarƙashin jirgi sak shi ta ke aunawa. Sona mai awon gamon igiya kuwa tana watsa ƙara gefe da gefe kamar mahuci, tana saurare da kunnuwa da dama da aka jera kusa da juna. Igiyarta gajera ce ƙwarai, wadda ke kaɗawa sau 250,000 a sakan tsawonta milimita 6 ne. Lokaci ya ba ta nisa, ragowa ta ba ta kusurwa, sai ta zana ƙasan kogi a faɗin da ya kan kai ninki goma na zurfin wurin. Inda zurfi ya ke mita 3, wucewa guda ta share kusan mita 30. A ruwa mara zurfi irin namu ta fi amfani, ba ta kuwa da girman da zai hana a ɗaura ta a jirgin inji. Tana nuna tudun yashi, da kututturen da ya nutse, da ramin da ruwa ke haƙawa a gindin ƙafar gada.

Kada wani ya ce zurfin kogi maganar matuƙa jirgi ce kaɗai. A wannan yanki iyakar ƙasashe a kansa ta ke. Tun yarjejeniyar Ingila da Faransa ta ran 14 ga Yuni, 1898, da kogin aka kafa shaida, aka ce iyaka za ta taɓa Kwara mil goma sama da Giris, mashigin jiragen Illo. Sama da nan kuma, tsakanin Nijar da Dahome, aka yi ta jayayya a kan tsibirin Lete, har cikin 1963 abin ya kusa kai ƙasashen biyu ga yaƙi. Daga baya suka kai maganar Kotun Duniya da ke birnin Heg. Ran 12 ga Yuli, 2005, kotu ta yanke cewa iyakarsu ita ce layin da ya fi zurfi a babbar hanyar jirage ta kogin, kamar yadda ya ke lokacin da suka sami mulkin kai cikin Agusta 1960, tun daga bakin Mekru har zuwa iyakar Nijeriya. Tsibiran da ke hagu da layin na Nijar ne, na dama na Benin. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16, har da Lete, Benin ta sami 9. Shaidar da kotu ta fi dogara da ita kuwa ita ce rahoton awon zurfi da kamfanin NEDECO na Holan ya fitar cikin 1970. Ku duba fa, awon da wasu ma'aikata suka yi cikin jirgi suka rubuta a littafi, shi ya raba gardamar da ta gagari shugabanni shekara arba'in. Layin nan a ƙofar Lolo ya ƙare.

INDA ABIN YA TSAYA

Wajibi ne mu faɗi iyakar wannan ilmi, kada a ɗauke shi duba. Awon SRTM ya kan kuskure da mita da dama, na tagwayen Jamus da mita ɗaya ko biyu, mun kuwa ce kamu guda ke raba mai girbi da mai hasara. Inda itatuwa suka yi duhu, kan itace rada ke aunawa ta ce ƙasa ce. Taswirar 2000 ta tsufa, kogi ya ci gaɓa a wani wuri ya zuba yashi a wani. Laimar da ke cikin iska ta kan jinkirta igiya ta sa a ga motsi inda babu. Tauraron da ke komowa bayan kwana 12 ko 21 yana iya zuwa bayan farin ruwa ya riga ya yi ɓarnarsa.

Maganin waɗannan duka guda ne, shi ne abin da muka ce a riƙe: wurin da mutum ya auna da hannunsa. Hoton sama ba ya zama gaskiya sai an ɗaure shi da turke a ƙasa, watau ma'aunin da a ke karantawa kullum safiya, da shaidar ruwan 2012 da na 2020 a jikin bango wadda aka auna aka rubuta, da bakin tsohon da zai ce nan ruwa ke fara shiga. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Taurarin na wasu ne, amma sun bar ƙofa a buɗe. Abin da babu shi ne isassun 'ya'yanmu masu iya karanta abin da a ke bayarwa. In ba mu da su, sai mu zauna wani a Turai ya ga ruwa ya rufe Illo kafin mai mulki a Birnin Kebbi ya ji labari. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mu da ke aikin ilmi abu huɗu mu ke roƙo. Na ɗaya, malaman lissafi da na kimiyya su daina koyar da alwatika da darasin igiya kamar karatun da ba shi da gida. Tabki da tsakuwa biyu sun isa a nuna gamon igiya, igiyar awo da gora sun isa a zana zurfin rafi. Kwalejin horon malamai, irin ta Adamu Augie da ke Argungu, nan ya kamata a fara, domin abin da malami bai taɓa yi da hannunsa ba ba zai sa yaro ya yi ba.

Na biyu, kowace makarantar da ke bakin Kwara, daga Lolo zuwa Tuga, a kafa mata ma'aunin ruwa, a ba ta littafi, 'yan babban aji su riƙa rubuta tsawon ruwa kowace safiya. Kuɗinsa kaɗan ne, bayan shekara goma kuwa littafin nan zai zama dukiya, kamar yadda awon 1970 ya zama.

Na uku, Ƙaramar Hukuma da Gwamnatin Jiha su ɗauki nauyin samari da 'yan mata na wannan yanki zuwa Makarantar Safiyo ta Tarayya da ke Oyo, da cibiyar koyon taswira ta Ile-Ife wadda aka kafa cikin 1972, inda Nijeriya da Benin da Nijar duk membobi ne, bisa sharaɗin su komo su yi aiki a gida.

Na huɗu, a riƙa musayar labarin ruwa da maƙwabta. Hukumar Kogin Kwara, mai ƙasashe tara da hedkwata a Yamai, tun 1980 ta ke, Hukumar Kula da Ruwaye ta Nijeriya kuma tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara. Ruwan da ya wuce Yamai sai ya yi kwanaki kafin ya iso Lolo. Kwanakin nan sun isa a kwashe hatsi daga rumbu, a kora shanu tudu, a yanke shinkafar da ta nuna, in dai labarin ya sauka daga ofis ya isa kunnen hakimi da dagaci da mai unguwa cikin harshen da manomi ke ji, da sunan fadamar da ya sani.

Iyaye kuma mu ke kira daga ƙarshe. Yaron da ya tashi a bakin kogi ya riga ya san rabin wannan ilmi tun kafin ya shiga aji, ya san halin farin ruwa da baƙi, ya san inda gora ke nutsewa. Ku bar shi ya zauna makaranta ya sami ɗaya rabin. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu sharrin ruwa.